Tattakin Aro

Ladan na fara kiran magariba na ɗauki kular abinci na fita. Babu komai a kular. Ina riƙe ta ne kawai don duk wanda ya gan ni ya ɗauka aike zan kai. Ainihin abin da ya fitar da ni yana soke a ƙugun zanina, ƙarƙashin hijabi: wayar maigidana.

Shi ma'aikaci ne a jami'a, a ofishin da ake ajiye fayil-fayil na ɗalibai. Aikin zama ne tun safe har la'asar. Farkon damina jami'ar ta fito da shirin kula da lafiyar ma'aikata, aka gwada kowa a asibitinsu. Shi aka ce jininsa ya hau, tumbi kuma ya yi gaba, dole ya rage gishiri ya riƙa tattaki. Sai aka saka musu wani abu a waya mai ƙirga takun mutum. Duk Litinin ana turo labaran ma'aikata a gurup ɗinsu: wanda aka ƙara wa girma, wadda ta haihu, wanda aka yi wa rasuwa, can ƙasa kuma waɗanda suka fi kowa tattaki, har da hotunansu. Wanda ya zo na ƙarshe ma ba a ɓoye shi.

Satin farko shi ya zo na ƙarshe. Ina kicin na ji ya kunna saƙon muryar abokin aikinsa, Misbahu.

"Ranka ya daɗe Sarkin Zama! Wallahi kujerar ofishinka ta fi ka tafiya, ita ai tana da taya!"

Maigidana ya yi dariyar yaƙe. Ranar ko tuwo bai gama ba. Can ya miƙo mini wayar, idonsa yana kan talabijin.

"Sauda, ke da ba kya zama wuri ɗaya, ɗan soke wannan a jikinki."

Na karɓa. Ko shekara ba mu rufa da aure ba, ban iya kallon idonsa in ce a'a ba.

Da farko a tsakar gida nake yi. Gidan haya muke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki da falo, tsakar gidan ta kowa ce. Idan ya dawo daga aiki sai in karɓi wayar in yi ta kewaya rijiya. Kwana kaɗan Inna Uwani, mai gidan, ta ajiye tsintsiya ta tsaya kallona.

"Amarya, lafiya kike kewaya rijiya kamar akuyar da aka ɗaure? Ko naƙuda ce tun ba ciki?"

Matan gidan suka kwashe da dariya. Na shige ɗaki, ban sake leƙowa ba sai washegari.

Shi ya sa na koma waje. Da rana ba zai yiwu ba, wayar tana ofis, da yamma kuma ga majalisar maza a ƙofar gida, ga masu shaguna, kowa zai ce ina matar wane take zuwa kullum. Lokaci ɗaya ne layi yake zama wayam: idan maza sun shiga masallaci. Na san abin da ake cewa game da almuru. A gidanmu ana fara kiran salla ake kora yara ɗaki a rufe ƙofa. Na sani sarai. Amma idon mutane ya fi ba ni tsoro a kan abin da ba na gani. Da na nemi izininsa cewa ya yi, "Ki dai kula kada a gane ki."

Ina tsallaka titi in shiga Tarauni ta lungu, har in kai wani layi a bayan wani gidan yin ruwan leda, fiya wata, da aka daɗe da rufewa. Doguwar katanga a gefe ɗaya, lambatu a ɗaya gefen, babu ƙofar gidan kowa. In je ƙarshensa in dawo, in je in dawo, sannan in yi sauri gida in yi sallata a makare.

Sunansa ya fara hawa. Misbahu ya daina ce masa Sarkin Zama ya koma ce masa Barewa. Ranar da hotonsa ya fara fitowa balangu ya sayo mini, shi ya cinye fiye da rabi, da yaji da gishiri.

A layin na haɗu da wata mata. Wata rana na ji takun silifas a bayana, na waiga. Hijabinta ruwan toka irin nawa, ta ja shi har kan hanci. Kula a hannunta, ita ma irin tawa.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce, a hankali.

"Yawwa, sannu."

Wallahi abin da ya zo mini shi ne, ita ma matar wani ma'aikacin ce, ita ma wayar mijinta take ɗauke da ita. Har na ji sanyi a raina, ashe ba ni kaɗai ba ce. Ban tambaye ta komai ba don kada ita ma ta tambaye ni. Haka muke jerawa kullum. Idan na juya zan tafi gida, sai in bar ta a bakin layin.

Tun da ta fara raka ni lissafin wayar ya riƙa ninkawa. Maigidana ya duba ya ce, "Kai, Sauda! Yau har Unguwa Uku kika je?" Na ce a'a. Ya yi dariya, ya ɗauka kawaici ne.

Sai ƙafafunsa suka fara ciwo.

"Kamar na je Wudil a ƙasa," yake cewa idan ya dawo masallaci. Masallacin kuwa yana jikin gidanmu, daga soro zuwa can duk siminti ne. In dafa ruwa in gasa masa. Wata rana ina gasawa na ga baƙin taɓo a tsakanin yatsunsa. Na kai hanci. Warin lambatun nan ne, ba zan ɓata shi ba. Na wanke na zubar da ruwan. Me zan ce? Ƙafafun suka kumbura, dugadugan suka tsattsage kamar na mai tallan ƙauye. Har ya daina zuwa jam'i, yana salla a zaune a ɗaki.

A wannan satin aka turo cewa shi ne kan gaba a duk jami'ar. Ranar Asabar shi zai ja tattakin ma'aikata, a ba shi kyauta a gaban kowa. Na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Malam, da an bar shi haka."

Ƙafafunsa na cikin baho. Bai ɗago ba.

"Yau kaɗai, Sauda. Gobe ake rufewa. Kada wani ya wuce ni a ƙarshe, Misbahu ya samu abin faɗa."

To, wannan ce ranar da na fara ba ku labari.

An yi ruwa da la'asar. Ƙasa ta jiƙe, kwatoci sun cika. Na tsallaka titi ina jin hon ɗin 'yan adaidaita sahu, da ƙamshin awarar da wata take kwashewa da sauri za ta shiga gida. Lasifikokin masallatai suna ta tada iƙama, wannan na bin wancan.

Matar tana tsaye a bakin layin. Yau ita ta riga ni.

"Sannu da ƙoƙari."

"Yawwa."

Muka shiga.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Akwai wani janareta da kullum nake jin kukansa ta bayan katanga. Babu shi. Karatun liman ya yi nisa, kamar daga cikin rijiya. Sauro ma babu. Silifas ɗina, silifas ɗinta, sai numfashina.

Sai wari. Ba na lambatu kaɗai ba. Kamar an ƙona gashi an yayyafa masa ruwa.

Muka kai inda aka jibge tsofaffin ledojin fiya wata, wurin da nake juyawa. Na juya. Ita ma ta juya. Idona ya sauka a kan sawun da muka bari a taɓo.

Ga sawun silifas ɗina.

Nata babu. Ko ɗaya.

Amma kusa da nawa akwai wani sawun. Na namiji, babba, ba takalmi. Ɗan ƙaramin yatsan hagu ya hau kan na kusa da shi.

Na san yatsan nan. Kullum ni nake gasa shi.

Na tsaya cak. A gaban idona taɓon da ke gefena ya lotsa. Wani sabon sawun ya fito. Sai wani. Yana taka wuri ɗaya, kamar mai jiran a ce masa mu tafi.

Wayar ta yi ɗumi a ƙuguna.

"Saudatu."

Ban taɓa faɗa mata sunana ba.

"Na'am," na ce. Bakina ne ya amsa, ba ni ba.

"Na daɗe ina raka ku. Ke na san ki. Shi ne ban sani ba."

"Wa?"

"Mai ƙafafun."

Na duba bakin layi. Ba na hango shi. Katanga ce kawai ta miƙe, ta miƙe, har inda ido ya ƙare.

Ta ɗago kularta, ta ɗan murɗa murfin. Daga ciki na ji taku. Na mutane da yawa. Suna tafiya, suna haki, wani yana jan ƙafa. Can ƙasa wani yana cewa a taimaka a bar shi ya zauna.

"Akwai wuri," ta ce. "Tunda tafiya yake so a san shi da ita. Suna kawai nake jira."

Ta matso. Inda fuska ya kamata ta kasance, tsakanin hijabin, duhu ne mai laima, kamar ka leƙa randa.

"Ya sunansa?"

Na datse haƙora. Suka buɗe da kansu. Na ji kamar an sa ƙugiya ana jawo harshena. Sunan ya taso daga ƙirjina, ya zo maƙogwaro.

A nan ya tsaya.

Ni tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na ga uwata tana yi, haka kakata. Ko a asibiti da malamar ta tambaye ni sunan miji, katin na tura mata ta karanta, tana ta yi mini tsiya. Harshena bai san hanyar sunan ba.

"Malam," abin da ya fito ke nan.

"Malamai suna da yawa. Wanne?"

"Shi... maigidan."

"Sunansa, 'yar nan."

"Ina... ina jin nauyi."

Ta yi dariya. Irin ƙarar da ruwa yake yi idan yana shigewa rariya.

Sai wayar ta ɗauki ƙara.

Haskenta ya ratso hijabina. Na zaro ta. Misbahu ne. Na san halinsa. Ana ɗagawa yake rangaɗa cikakken sunan mutum, har da na mahaifi, kamar maroƙi.

Ita ma kamar ta sani.

"Ɗaga," ta ce.

Na girgiza kai.

Hannunta ya fito daga hijabi. Ba ta motsa daga inda take ba. Hannun ne ya taho. Ya yi tsawo, ya yi tsawo. Yatsa ɗaya a miƙe, yana neman koren wurin amsa kira.

Sanyinsa ya taɓa bayan hannuna.

Ya shafi gilashin.

Na ce bismillahi na wurga wayar cikin lambatu.

Tana cikin iska na ji muryar Misbahu, tar.

"Barewa! Ranka ya daɗe, Malam..."

Tsulum.

Ruwa ya haɗiye sauran.

Ƙarar da matar ta yi ba zan iya rubuta ta ba. Na saki kula na zura da gudu. Ayatul Kursiyyu na kama, ta kakkarye a bakina, na koma farko, ta sake karyewa. Na riƙe bismillah ita kaɗai.

Silifas ɗaya ya fita. Sai ɗayan.

A gefena taɓo yana fallatsa. Sawun nan yana gudu tare da ni.

A bayanmu, silifas. Ba sauri take ba. Amma ba ta yin nisa.

Wani abu ya cafki hijabina ta baya. Ya shaƙe ni. Ban waiga in ga ko wayar katanga ce ko hannu ba. Na sunkuya na zare kaina, ɗankwalin ya bi shi.

Sai ga hasken fitilar shago. Sai ga kukan janareta. Sai ga titi.

Na faɗi a gaban wani masallaci daidai lokacin da aka sallame, maza suna fitowa suna neman takalmansu.

Kaina a buɗe. Kitson da ya kwana biyu, duk ya tsufa. Ƙafa ba takalmi, zani ya jiƙe da taɓo har gwiwa. Ni da ko muryata maƙota ba su sani ba. Na ji salati ta ko'ina, na ji wani yana cewa mahaukaciya ce, wani ya ce a'a, ɓarayin waya ne suka biyo ta. Na dunƙule na rufe kaina da hannuwa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Wani dattijo ya yafa mini sallayarsa a ka.

"Ku matsa, ku ba ta iska. 'Yar nan, matar wa ce ke?"

Kafin in amsa sai da na dubi ƙafafunsa, na dubi ƙasa na ga sawunsa.

"Gidan Inna Uwani, Baba. A Gyaɗi-Gyaɗi."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Shi ya tare adaidaita sahu ya raka ni har ƙofar gida.

A soro na tarar da su. Maigidana daga shi sai singileti da wando, ba takalmi, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Inna Uwani ta riƙe hannu ɗaya, mijin maƙociyarmu ya riƙe ɗayan. Suka ce yana zaune ya miƙe ya kifar da baho, ya nufi waje ido buɗe, ana magana ba ya ji. Da suka tare shi sai ya yi ta taka wuri ɗaya, can ya koma gudu a tsaye, har suna jin tsoron zuciyarsa za ta buga. Bai daɗe da tsayawa ba na shigo.

Ya dube ni. Ya dubi sallayar wani a kaina, ya dubi ƙafafuna. Na dubi nasa. Taɓo iri ɗaya.

"Sauda..." ya ce.

Ina kuka na faɗa wa Inna Uwani komai, a gaban duk 'yan gidan, don ba yadda zan yi. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta juya gare shi, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Don a sa hotonka a waya ka tura 'yar mutane layi da almuru? Kai da aka ce ka taka don lafiyarka?"

Ya zauna a dandamalin soron ya rufe fuska da tafukansa. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba. Ni kuma na rasa wa zan ji wa kunya, shi ko kaina.

Ranar Asabar ya je, yana ɗingishi. Na ɗauka zai ce musu wayar ta ɓata ne kawai. Ashe da aka miƙa masa abin magana, ga manya ga ƙanana duk sun sa kayan motsa jiki, sai ya ce shi bai taka ko'ina ba, matarsa ce take yi masa, a cire sunansa. Bai faɗi sauran ba. Ya ce wasu sun yi dariya, wasu sun sunkuyar da kai, da alama ba shi kaɗai ne mai ba da aron waya ba. Misbahu bai yi dariya ba. Likitar da ta sake gwada shi ta ce jinin ya fi da hawa, dama tana ta mamaki.

Yanzu bayan asuba yake fita, a hankali, da ƙafafunsa. Kumburin ya saɓe. A labaran Litinin yana can wajen ƙarshe, Misbahu kuma ya daina yi masa laƙabi. Ni dai ban sake bin hanyar Tarauni ba, kuma da aka gayyaci matan ma'aikata walima ban je ba. Na san za a yi ta nuna ni ana cewa ga mai yi wa miji tattaki.

Inna Uwani ta tara duk 'yan gidan, manya da yara, ta kafa doka: daga kiran magariba zuwa isha, ba mai kiran sunan maigidana, ko da wasa, ko a waya.

Domin wani lokaci, idan maza sun shiga masallaci, akan yi sallama a soro. Muryar mace, a hankali, da ladabi.

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne gidan Malam... ya ma sunansa?"

Ba mai amsawa. Uwa takan toshe bakin ɗanta. Ni kuma ina kan sallaya, ina jin sa ta katanga yana cewa amin tare da mutane, ba na tashi sai na ji takunsa ya shigo, shi kaɗai.